Lamba Arba'in da Bakwai

Ƙarfe tara na safe, ana yayyafi, ranar da asibitin ke karrama ɓerayen da suka mutu a bincike. An jera tuffa da gyaɗa gaban dutsen tunawa a tsakar gida. Pyeon Mansik, mai wanke keji, bai fita ba. Yana ɗakin ɓeraye, tsaye gaban kejin wata macen ɓera mai lamba arba'in da bakwai.

Tun kafin a haife su aka taɓa ƙwayar halittar ɓerayen nan, don su kamu da sankarar ciki, irin wadda ta ɗauke matarsa bara. Ba sa wuce wata shida. Ita wannan, da aka ba ta sabon magani, ta cika shekara tana cin abincinta. Dokar wurin ba a sa wa ɓera suna, amma shi ya rubuta Okbun da fensir a bayan katin kejin. Sunan matarsa ne.

Likita Eom ta shigo tana sa safar hannu.

"Kawu, budurwar taka ta hana ka zuwa taro?"

"Likita, yau ne, ko?"

"Yau ne."

"A bar min ita mana. Ko a kwali zan ajiye ta. Nawa take ci?"

"Ka san ba sa fita daga ginin nan." Sannan ta ƙara da cewa, "In ban buɗe cikinta na gani ba, ba wanda zai yarda maganin ya yi. Akwai masu jira a hawa na biyar."

Ya san hawa na biyar. Wata huɗu yana kwana a kujera can, gefen gadon matarsa.

Ya buɗe kejin a hankali. Okbun ta hau tafinsa, ta sansana yatsansa kamar kullum. Da kansa ya sa ta a akwatin da likitar ta kawo, ya miƙa.

Ya fita ba laima. An riga an watse. Ya sunkuya gaban dutsen sau biyu, ya daɗe bai ɗago ba.

Da ya dawo don wanke kejin, ya tarar an wanke, an kife shi yana tsane ruwa. Katin kuwa, da ya kamata ya shiga fayil, an sa masa shi a aljihun rigar aikinsa da ya bari a rataye. Likitar na can kan teburinta, ba ta waiwayo ba. Shi kuwa ya jawo keji na gaba.