Tafkin Kuza

Wata huɗu cur kwamfutar Safara'u ta yi tana ci mata mutunci. Da ma lalacewa ta yi gaba ɗaya da abin ya zo da sauƙi, a ɗauke ta a kai wa mai gyara a huta. Amma ina! Lafiyarta ƙalau muddin ƙaramin aiki ne, irin sunan makaranta a aljihun riga ko fure a bakin mayafi. Da zarar an ba ta babban zane ta aika wa injin surfani, sai ta kai tsakiya ta daskare, injin ya tsaya cak da allura a cikin shadda. Sai da aka yi asarar shadda biyu masu kyau kafin Safara'u ta haƙura ta daina gwadawa.

Ciwon ya soma ne tun wata sabuntawa da kamfanin babbar manhajar kwamfuta ya turo a farkon bazara, kuma ba ita kaɗai ya kama ba. Duk mai kwamfuta a Jos yana da nasa kukan. Sai ga sanarwa cewa babbar sabuntawa na tafe ranar Talata, wadda za ta share duk wannan ɓarna. Tun daga ranar Safara'u ta zuba ido.

Abin da ya sa ta matsu ba aikin kwastoma ba ne. Mahaifinta, Malam Mahdi, ya fi shekara arba'in yana surfanin hannu a Dutse Uku, kuma shi yake ƙirƙiro zanensa, a bayan takardar buhun siminti, da guntun fensir. 'Ya'yansa maza duk suka bi harkar mota, ita kaɗai ta tsaya kusa da zare. Da ta buɗe shagonta, sai ta bi takardun nan ɗaya bayan ɗaya ta kwafe su cikin kwamfuta, zane sittin da uku. Na ƙarshensu shi ne wanda ya kira Tafkin Kuza. Ya ce tafkunan nan na Naraguta ya tuna, inda ubansa ya yi haƙar kuza, shi ya sa layukan ke zagayawa suna gangarawa ciki, bakwai, kowanne da tasa hanyar. A shekarar da ya zana shi ciwon hawan jini ya buge shi, ido ya tafi, hannu ya kama rawa. Ba a taɓa ɗinka zanen ba ko sau ɗaya.

Su kuwa takardun, damina biyu da suka wuce rufin ɗaki ya yi yoyo a kansu suka zama kunu. Ranar tsohon har abinci ya ƙi. Ita ce ta durƙusa gabansa ta ce, "Baba, kada ka damu, duk suna cikin kwamfuta, can ruwa ba ya taɓa su." Ta kuma yi masa alkawari za ta ɗora Tafkin Kuza a kan shadda, ya shafa da yatsunsa ya ji abinsa. Amma zanen ya fi kowanne girma, daidai irin wanda kwamfutar ke daskarewa a kai.

Kullum ta dawo gida da la'asar, tun kafin ta cire takalmi zai ce, "Uwata, an yi?" Haka yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa ta ci.

"Saura kaɗan, Baba. Kamfani za su turo gyara."

"Kamfanin nan dai ya san da zamana kuwa? Ki gaya musu ba ni da lokacin jiransu."

Yana faɗa yana dariya, ita kuwa maganar tana sukar ta har cikin rai, domin ta ga yadda yake ramewa.

Ranar Litinin ta leƙa shagon Linus, mai gyaran kwamfuta da ke layinsu. A Jos aka haife shi, iyayensa ne suka zo daga kudu maso gabas, kuma shagonsa ya zama majalisar masu ƙorafi. Ta tarar da Hosana, wadda ke buga wa ɗaliban jami'a takardu a Naraguta, tana zaune a kan benci ta kumbura.

"Ni tawa in ta yi barci ba ta farkawa," in ji Hosana. "Jiya wani ɗalibi ya tsaya a kaina, babi na huɗu yana ciki, kwamfuta ta ƙi tashi. Har roƙonta na yi, wallahi, kamar mutum."

"Taki ma da sauƙi," Linus ya ce, kansa na cikin wata kwamfuta da ya buɗe. "Akwai wani oga a Rayfield, tasa kullum da safe sai ta manta firinta. Kullum sai an sake gabatar da su, kamar baƙi."

Suka yi dariya, ban da Safara'u, wadda ta ce, "Oga Linus, gyaran gobe zai taɓa matsalar injina?"

"Sun rubuta haka, Madam. Amma wancan ofdet ɗin ma sun rubuta abu mai daɗi. Ki bari sati biyu. Bari wasu su fara, mu ga wanda zai yi kuka."

"Ni kam ba zan zama zakaran gwajin dafi ba," Hosana ta ce. "Sai na ga kowa ya sha ya tashi lafiya."

"Ku kuna da sati biyu," Safara'u ta ce. "Ni ban san ko ina da shi ba."

Linus ya ɗago ya dube ta. Ya san Malam Mahdi, tsohon ne ya yi wa mahaifin Linus ɗin aikin rigar da aka ɗauke shi hoto da ita. Bai ƙara ja da ita ba, sai dai ya ce, "To, kina da ajiya a wani wuri?"

A nan ne Safara'u ta ɗan ji kanta. Ta zaro filashinta, 'yar ma'ajiyar kwamfuta da ke ɗaure a jikin makullanta, ta kaɗa masa. Shekara huɗu ke nan duk ranar Juma'a, kafin ta rufe shago, sai ta jawo zanen Baba daga fuskar kwamfuta ta zuba a ciki. Ko Juma'ar da ta yi zazzaɓi ba ta tsallake ba. Tana ma yaba filashin, don kafin ƙiftawar ido ya gama kwashewa.

Talata ta zo da hadari tun safe, da irin sanyin nan na Jos mai shiga ƙashi. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya saƙon ya bayyana. Wuta na nan tun asuba ba ta ko girgiza ba, don haka ba ta tayar da janareta ba. Ta san akwatin batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta ya tsufa, amma ta ce a ranta minti nawa ne. Ta yi bisimilla ta danna.

Lamba ta soma hawa. Goma, ashirin da biyu, arba'in. A ƙasan lambar an rubuta kada a kashe kwamfuta. Ta shimfiɗa farar shaddar da ta tanada, ta jera zare ruwan ƙasa da ruwan toka, har ta soma tunanin yadda fuskar tsohon za ta yi. Lamba na kan saba'in da ɗaya aka saki wata tsawa, fitilar shago ta mutu. Akwatin batirin ya yi kuka sau biyu, shi ma ya bi sahu.

Ta fita cikin ruwa ta ja janareta. Kwamfuta ta kama, ta nuna wani shuɗin allo, ta mutu, ta sake kamawa, ta sake mutuwa. Haka ta yi ta yi har Safara'u ta lulluɓe ta da leda ta rungume ta zuwa shagon Linus.

Shagon kuwa ya cika maƙil da marasa haƙuri irinta, kowa da tasa gawar a hannu. Sai bayan azahar ya kai kanta. Ya gwada wannan ya gwada wancan, ya girgiza kai.

"Hanya biyu ne, Madam. Ko in cire faifan ciki in kwashe kayanki a hankali, amma abin da nake yi da shi yana wurin ogan Rayfield, sai Juma'a. Ko kuma in share komai in saka sabo yanzu, tunda kina da ajiya."

"Share."

"Kawo filashin in gani tukuna."

Ta miƙa masa, ranta a ɗan ɓace da yake neman shaida. Ya soka a tasa kwamfutar, wani mutum na ja masa hannun riga, wani na kiransa daga ƙofa. Sunaye suka jeru a allo, sittin da uku, Tafkin Kuza a can ƙasa. Ya kalle su daga tsaye ya ce, "Suna nan," ya zare ya mayar mata.

Kafin la'asar kwamfuta ta dawo sabuwa fil, da sabuntawar da komai. Linus da kansa ya rako ta shago ya haɗa injin. Ya ce bari a fara da wani babban zanen gwaji da ya zo da manhajar injin. Injin ya kama aiki a kan wani tsumma, ya wuce inda ya saba tsayawa, ya yi ta tafiya har ƙarshe ba ko tari. Kamfani dai wannan karon bai yi ƙarya ba. Safara'u ta ji daɗin da ta daɗe ba ta ji ba, har ta tafa hannu.

Ta soka filashin ta danna Tafkin Kuza. Wani ɗan akwati ya fito ya ce ba a sami abin da ake nema ba. Ta sake dannawa. Ta danna na samansa, ta danna na farko. Duk amsa ɗaya.

Linus ya sunkuyo ya ƙura ido, sai ta ga fuskarsa ta canza. Ya sa yatsa a kan wata 'yar mitsitsiyar kibiya da ke gindin kowane suna. "Madam, daga ina kike kwashe su?"

"Daga fuskar kwamfuta mana, inda nake ajiye su."

"Ba a nan suke ba." Muryarsa ta yi ƙasa. "Zanen yana can ciki, inda manhajar ke ajiyewa. Waɗannan na fuska alamar hanya ne kawai, kamar allon da ake kafawa a bakin titi. Allon kika yi ta kwashewa. Gidan kuma mun rushe shi ɗazu."

Ta tuna saurin filashin nan da ta yi ta yabo shekara huɗu, ashe ba komai yake ɗauka ba. Ta zauna a kan kujerar ɗinki.

"Laifina ne," in ji Linus. "Na ga suna, ban buɗe ba. Ni da nake wannan aikin shekara ashirin."

"Ni na ce ka share," ta ce.

Kwana biyu Linus ya rufe shagonsa da rana yana tonon faifan, ya bar mutane na buga ƙofa. Ita kuma kwana biyun ta yi tana ce wa mahaifinta saura kaɗan, tana jin kunyar bakinta. Ranar Alhamis Linus ya zo da abin da ya samu: zane goma sha ɗaya, huɗu daga ciki a yayyage. Sauran sabuwar manhajar ta hau kansu. Ta bi sunayen da ido sau uku, Tafkin Kuza ba ya ciki. Waɗansu daga cikin tsofaffin zanen za a iya samo su a ƙirjin rigunan mutane, in an bi gida gida. Wannan kuwa ba ya jikin rigar kowa.

Ta iso gida da la'asar ta tarar da mahaifinta a kan tabarmarsa, an lulluɓa masa bargo a kafaɗa.

"Uwata, an yi?"

Ta durƙusa a daidai inda ta durƙusa ranar yoyon rufi, ta gaya masa komai, ba ta rage ba. Ba ta ɗora wa wuta ba, ba ta ɗora wa kamfani ko Linus ba. Ya saurara bai katse ta ba, sai haɓarsa da ke ɗan motsi. Da ya yi faɗa ma da ta fi samun sauƙi.

Can sai ya ce, "Kawo hannunki."

Ta ba shi. Ya buɗe tafin ya ɗora yatsansa a tsakiya, ya soma zagayawa. Duk da rawar hannun, ta gane layin farko, ta gane na biyu da ke ratsawa ta ƙarƙashinsa. Ta soma lissafin inda za ta sami takarda da fensir. Ya shiga na uku, ya kai inda layin ke karyewa, sai yatsan ya tsaya. Ya koma baya ya sake biyowa, ya sake tsayawa a wurin.

"Daga nan ina ya bi?" ya tambaye ta. "Ke kika kwafe shi."

Sati uku ta yi tana kwafe zanen nan a lokacinsa, amma tun ranar da ta zuba shi a kwamfuta ba ta ƙara wahalar da kanta wajen riƙe shi a ka ba. Ta rufe ido ta nema, ta kama yatsansa ta ja shi hagu a hankali.

"A'a," ya ce. "Ba nan ba ne."

Ta ja shi dama. Yatsan ya tsaya yana rawa a tafin hannunta.

"Nan ma ban sani ba, Uwata," ya ce.