Ƙudan da Bai Ga Ubansa Ba

"To wa ya aike ka?" in ji Nengsih. Tana juya tempe, wainar waken soya, a cikin mai, ko kallona ba ta yi ba.

"Mamanki ce ta tambaye ni aikina."

"Ai da sai ka ce kana wanke kwalabe, ka ja bakinka. Amma ina! Sai da ka nuna kai ma a jami'a kake. Farfesan ƙudaje!"

Jiya ne na fara cin abinci a gidansu. Daga gama sakandare nake aiki a ɗakin bincike a nan Bogor, inda muke kiwon ƙananan ƙudajen nan masu bin ruɓaɓɓiyar ayaba. Ni nake ware maza da mata, ni nake kallon yadda suke neman juna. Namiji ya bi mace, ya taɓa ta da ƙafa, ya miƙa fiffike ɗaya yana kaɗawa. Waƙarsa ke nan.

Da na tsaya a nan da ba komai. Sai daɗin shinkafa ya kwashe ni, na ce wa mamanta ko an raba namijin da kowa tun yana ƙwai, bai taɓa ganin ubansa ba, ranar da ya ga mace waƙar uban zai yi, ba ragi. Na ce a jini abin yake, akwai ƙwayar gado guda da take shirya masa ƙwaƙwalwa tun kafin ya fito.

Uwar ta ajiye cokali. "Allah Sarki," ta ce. "Ko bai ga uban ba?"

Duk unguwa an san ubana, Kosim direban bas. Bakinsa zuma. Ya bar mace a Sukabumi, ya bar wata a Cianjur, ya bar mahaifiyata da cikina.

"Yau da safe ta ce in manta da kai," in ji Nengsih. "Wai kai da bakinka ka ba da shaida."

"Ƙuda fa nake nufi, Neng."

"Je ka faɗa mata. Matsa, kana tare min ciniki."

Na koma aiki. Bu Lilis, shugabarmu, tana gwada wasu ƙudaje maza da aka yi wa gyara: in an kunna jar fitila, sai wasu 'yan jijiyoyi a ƙwaƙwalwarsu su farka. Ta sa ɗaya shi kaɗai a ƙaramin faranti, ta danna. Ya miƙa fiffike yana waƙa, ba mace, ba kowa. Ta kashe, jim kaɗan ya daina. Ban ji daɗin ganin haka ba.

"Bu, mutum ma haka yake?"

"Kai Cecep, wace ce ta kunna maka fitila?" Ta yi dariya. Da ta ga fuskata sai ta bar dariyar. Ta ce mutum ba ƙuda ba ne, ba wanda ya samo ƙwaya ɗaya mai sa namiji ya tsere wa iyalinsa. Ta ce ƙudan ma yana koyo, wanda mace ta kora da yawa yakan rage rawar kai.

"Ke nan babu?"

"Cewa na yi ba a samo ba. Ɗauko min sauran kwalaben."

Da la'asar ruwa ya sauko. Na tarar da Nengsih tana ɗaure leda a jikin kekenta na suya. Na kama mata gefe ɗaya, na faɗa mata abin da Bu Lilis ta ce. Ban ɓoye ƙarshen ba.

"Ni ba shugabarku na tambaya ba," ta ce. "Mama zan iya da ita. Kai ne ban sani ba. Kullum in bas ya wuce sai ka bi shi da ido."

Ban san ina yi ba.

Ta goge hannu a zani, ta dube ni sosai.

"Cecep, tsakaninka da Allah, ba ka taɓa jin kana so ka shiga ɗaya ka tafi ba?"