Farin Dutsen Luba

Hambali ya durƙusa a gindin dutsen Dala, ya kwance bakin jakar fata, ya fara zaro duwatsun ɗaya bayan ɗaya. Jajayen nan masu nauyi, waɗanda maƙera ke ce wa tama, a nan ya tsince su, a nan kuma ya zo ya ajiye su. Hantsi ya riga ya dubi ludayi, shi ko karyawa bai yi ba.

Baduku ne, da rumfarsa a kasuwar Kurmi, amma duk Dukawuya ba mai kiransa da sana'arsa, sai dai Hambali mai duwatsu. Wani kiwon tantabara ya ɗauke masa hankali, wani dara, shi kuwa Allah ya jarabce shi da tsintar dutse. Ba sayarwa yake yi ba, ba magani yake haɗawa ba. Ya wanke, ya jera a alkuki, ya zauna ya yi ta kallo kamar wanda aka kawo wa amarya. Duk gidan dariya suke yi masa, in ban da 'yarsa Luba, mai shekara bakwai.

Luban ce yanzu a kwance. Sanƙarau ya shigo unguwa a bazarar nan, ya kama ta, wuya ya sandare. An sha rubutu, an yi turare, an kai ta asibiti an yi mata allura, jiki dai jiya iyau. Da safe mahaifiyarsa, 'Yardada, ta tare shi a tsakar gida.

"Dutsen da ke kwance a wurinsa, kai ka san mai shi? Ka yi ta kwaso kayan mutanen ɓoye kana tara mana a ɗaki. To, ga shi sun biyo sawu."

"Inna, ciwon nan gida nawa ya shiga a unguwar nan? Duk duwatsu gare su?"

"Ban tambaye ka gidan wani ba. Ka mayar musu, kowanne inda ka ɗauko shi."

Bai yarda da maganar ba ko kaɗan. Amma matarsa Mero ta ɗago kai daga gefen tabarmar yarinyar, idanunta sun kumbura.

"Malam, ko ba su ba ne, ka mayar. In wani abu ya same ta suna ɗakin nan, ban san da wane ido zan dube ka ba."

Shi ya sa ya kwashe alkukin tas.

Daga Dala ya nufi Ƙofar Ruwa, inda zaizayar damina ke tono baƙaƙe masu santsi a gindin ganuwa, ya zube su. Ya juyo Goron Dutse da masu ƙyalli-ƙyalli, waɗanda ya shekara yana nema kafin ya gane kwarin da suke. Kowane wuri ya san shi kamar tsakar gidansu, kuma kowane dutse ya ajiye sai ya ji zuciyarsa ta yi nauyi, jakar tana raguwa. A hanya wani dattijo ya ce, "Mai duwatsu, an fito kiwo?" Ya wuce abinsa.

Bayan azahar ya isa kududdufin Gwale, inda magina ke haƙar ƙasa. Saura ɗaya a jakar: fari, mulmulalle, bai kai ƙwan kaza ba. Wannan ba shi ya tsinta ba. Luba ce ta hango shi bara, ranar da ta maƙale masa sai ya tafi da ita. Sanyi gare shi ko da rana ta take, kuma tun da ta kwanta takan ɗora shi a kumatu. Da safe tana barci ya zare shi daga hannunta.

Ya ajiye shi a bakin ruwa, ya yi taku kaɗan, ya waiwayo. Ya san halinsa: muddin dutsen yana nan a fili, gobe zai dawo ya ɗauka. Sai ya koma ya ɗauke shi, ya rufe ido, ya cilla shi tsakiyar koren ruwan nan.

Da ya shiga gida, 'Yardada ta tare shi da murna.

"Ka gani ko? Ta buɗe ido, har ta yi magana!"

Ya durƙusa kusa da Luba. Fuskar ta faɗa, leɓɓan sun bushe, numfashin yana fita da ƙyar. Ya ga irin wannan farfaɗowar a wurin mahaifinsa, kuma ya san abin da ya biyo bayanta. Tsoro ya kama shi.

"Baba," in ji Luba, "zafi nake ji. Ina dutsena?"

Ta buɗe masa tafin hannu tana jira. Ya dubi Mero, Mero ta kau da kai.

"Yana nan, uwata. Bari in ɗauko miki."

Da gudu ya koma Gwale, babban mutum da gemunsa, yara suna binsa da kallo. Bai ko tuɓe riga ba ya faɗa ruwan, ya kai masa ƙugu. Ya sunkuya yana lalube cikin taɓo. Ya ɗago kasko ya yar, ya ɗago ƙashi ya yar, ya ɗago wani dutse baƙi ya yar.

Ana kiran la'asar maƙwabcinsa Gwadabe ya iso. Ya tsaya a bakin kududdufin, yana ta murza hularsa a hannu.

"Malam Hambali," ya ce a hankali, "fito haka nan. Ana jiranka a gida."

Hambali ya ji shi sarai, ya kuma gane abin da ya faru. Bai ɗago ba.

"A nan ya faɗa," ya ce. "Na ga inda ya faɗa."

Ya sake tura hannu cikin taɓon.