Ruwan da ke riga shuka

Dawuda manomi ne a Fakuwa, kuma dattijo a 'yar majami'ar ƙauyen. Ranar taron godiyar kaka aka turo musu mai wa'azi daga Jos, mutumin da ko Hausar sayen goro ba ya ji. Malamin firamaren da ya saba yin tafinta yana kwance da zazzaɓi, sai dattawa suka ce Rahamatu ta tashi, ɗiyar Dawuda da ta gama makarantar Littafi Mai Tsarki bara.

Dawuda ya tambayi kansa. Yarinyar da ko gaisuwa ba a jin muryarta?

Baƙon ya ɗauko koyarwar wani Bature, shugaban ɗariƙar Methodist na farko, a kan ceto. Yana cikin zuba Turanci ya jefo wata kalma mai nauyi, ya tsaya. Dawuda ya sunkuyar da kai.

Can Rahamatu ta ce, "Ya ce alherin Allah shi ke riga mutum. Kamar ruwan farko ne, ba ya tambayar gonar wa, kowa ya samu tun iri na cikin rumbu. To wanda ya ƙi fita shuka, kada ya ce sama ta hana shi."

Majami'a ta ɗauki "Ƙwarai!" gaba ɗaya.

Wata tsohuwa, Iya Sa'a, ta ɗaga murya. "Ke ɗiyar nan, tambaye shi yaushe duniya za ta tashi. Kullum ana ce mana ta kusa."

Rahamatu ta tambaya, ta saurara, ta juyo. "Iya, ya ce Baturen malamin nan ya sa rai bishara za ta game duniya, ƙauna ta wanke zukata, kafin Almasihu ya dawo. Ranar kuwa, Allah kaɗai ya bar wa kansa sani. Namu shi ne a same mu bakin aiki."

Da aka tashi, baƙon ya roƙi Rahamatu ta rubuta masa misalin ruwan. Labaran maƙwabcinsu ya dafa kafaɗar Dawuda. "Ashe haka ka ɓoye mana malama a gida?"

Dawuda ya kau da kai, don ɗiyar fari ce, ba ya ko kiran sunanta. Amma yana isa gida ya kama zabi biyu, mafiya ƙiba, ya ce wa matarsa a dafa wa malama da man shanu.