Ajin Yamma na Malam Inuwa

"Tanko, tayar da motar nan," in ji Malam Inuwa. Yana tsaye a ƙofar gidansa, ya dafa garu, hularsa a karkace.

Ina cikin wanke motar hayata ke nan. Matarsa Indo ta biyo shi har bakin zaure.

"Don Allah Tanko, kada ka kai shi. Likita cewa ya yi ya kwanta. Ko kunu bai sha ba."

"Yau za su zauna a kan ajina," ya ce. "Ina kwance za a yanke?"

Maƙwabcina ne a Gyadi-Gyadi tun da na baro ƙauye. Yana koyarwa a wata kwalejin ilimin manya a Tarauni, inda ake horar da malaman firamare, a shekarun da gwamnati ta ce kowane yaro ya shiga makaranta kyauta. Shi ya buɗe ajin yamma saboda waɗanda ake mayarwa gida daga ofishin ɗaukar ɗalibai: matan aure, leburori, da baƙin da Hausarsu ba ta nuna ba. Shi ya yi ta sintiri a zaurena har matata Saudatu ta shiga. Yanzu ciwon zuciya ya kumbura masa ƙafafu, ga shi an ce za a rufe ajin.

Na dubi Indo, na dube shi. Na buɗe masa ƙofa.

A Titin Zariya ya kasa zama wuri ɗaya. Ya sauke gilashi, ya ɗaga, ya ce in wuce wata tifa, ya ce in yi a hankali.

Da muka isa, aka ce taron a saman bene ake yi, kusa da ajin nasa. Ya kama ƙarfen matakala, ya ɗan hau, sai numfashi ya ƙwace masa. Na riƙo shi muka sauko, ya zauna a matakalar ƙasa.

Nan Ɗan'azumi ya same mu, wani gurgu ɗalibinsa. Ya sauko daga kekensa na hannu, ya zura silifa a tafukan hannuwansa, kamar yadda yake yi kullum kafin ya rarrafa sama.

Malam ya ɗaga kai ya dubi benen. "Ashe haka yake da tsawo?"

"Kullum haka yake, Malam."

"Na yi faɗa an ɗauke ka, amma ban taɓa tambayar yadda kake hawa ba."

"Ai ina hawa," in ji Ɗan'azumi.

Ɗalibai suka fara taruwa, har da Saudatu. A cikinsu akwai Madam Uju, wata Inyamura mai ɗinki da ta dawo Kano bayan yaƙin basasa. Ta haye sama kai tsaye. Muka ji tana buga ƙofar ɗakin taron.

Can sai ga shugaban kwalejin, Alhaji Mu'azu, ya sauko shi kaɗai.

"Haba Malam Inuwa, da wannan jikin?"

"Ranka ya daɗe, me suka yi?"

"Malamai ne ke kuka. Mata na zuwa da goyo, wasu ba sa jin Hausa, wasu ba sa jin Turanci. Suna ja mana sakamako baya."

"To, ga su nan. Faɗa musu da bakinka wanda zai fara tafiya."

Alhaji Mu'azu ya dubi Saudatu da goyonta, ya dubi silifan da ke hannun Ɗan'azumi. Ya daɗe yana gyara babbar rigarsa.

"A bar su su ƙare shekara," ya ce. "Akwai sito a nan ƙasa, a kwashe kayan ciki."

"Bayan shekarar fa?"

"Bayan nan sai mu gani."

A hanyar gida Malam bai yi murna ba. "Sai mu gani," yake ta maimaitawa. Ya tambaye ni wa zai karɓi ajin, kamar ni ne zan sani. A gida ma, in ji Indo, da ya kwanta sai ya ce a tayar da shi, da ya zauna sai ya ce a kwantar da shi.

Ranar Laraba bayan Azahar na jiyo salatin Indo ta kan katanga. Kafin Magariba mun kai shi.

Wajen zaman makoki Madam Uju ta zo, ta tsaya a tsakar gida, ba ta san inda za ta zauna ba. Saudatu ta ce Indo da kanta ta matsa mata a kan tabarma.

Bayan sadakar uku na kai Saudatu kwaleji. Ba a turo malami ba tukuna. Na tarar leburorin ajin suna sauko da bencinansu, mata suna share sito, ƙura ta cika wuri. An jingina wani tsohon allo a bango, cike da lissafin da aka bari tun wata shekara. Ɗan'azumi yana zaune a gabansa da jiƙaƙƙen tsumma. Ya goge iya inda hannunsa ya kai, sannan ya miƙa wa Madam Uju tsumman.