Yatsu Biyu a Cikin Ƙanƙara

Kafinta ya tsufa a kan injin yanka katako, har yakan ce ko ido rufe ya san inda zarton yake. Ran nan da hantsi yana tsaga katakon ƙofa, sai icen ya ci karo da kulli ya zabura, ya ja hannunsa na dama. Bai ji zafi ba da farko. Ya dai duba, ya ga manuniya da ɗan yatsan tsakiya a cikin garin katako.

Ƙanensa, wanda kowa ke kira Auta duk da furfurar gemunsa, shi ya kashe injin. Ya naɗe hannun da tsumma mai tsabta, ya danne da ƙarfi, ya sa shi ya ɗaga sama da ƙirji. Sannan ya tsince yatsun, ya ruga wurin mai sayar da ruwan sanyi, ya tsoma su cikin kofin ƙanƙara.

"Yaya, kar ka damu, ɗinke su za a yi," in ji shi a cikin mota, ya rungume kofin kamar jariri.

Asibitin farko suka ce ba su da mai wannan aikin. Kafin su kai babban asibiti, rana ta yi sanyi.

Likitar ta karɓi kofin, ta sa Auta ya jira a waje. Ta wanke raunin, ta ce Kafinta ya lanƙwasa babban yatsa, ya lanƙwasa. Ta taɓa kan sauran biyun da auduga, ɗaya ya ji, ɗaya shiru. Ta ce jijiyar da ta tsinke a tafin za ta ɗinku. Daga nan ta leƙa kofin. Yatsun sun yi fari fat, sun jiƙe.

"Baba, ƙanƙara ƙona nama take yi. Da an naɗe su da ƙyalle mai danshi, a ƙulle a leda, sannan a ɗora ledar kan ƙanƙara, da na gwada."

Kafinta ya kalli ƙofa, ya hango inuwar ƙanensa tana kai da komo. Ya roƙe ta kada ta faɗi haka a gabansa.

Da aka fito da shi daga tiyata, Auta ya tambaya ko an mayar da yatsun. Kafinta ya ce injin ne ya daddatse su, babu abin ɗinkewa.

"Amma dai ƙanƙarar ta taimaka ko?"

"Ta taimaka, Auta. Allah ya yi maka albarka."

Bayan an kwance zare ya koma shago. Guduma ta ƙi zama a hannunsa, fensir ma sai ya zame. Yanzu Auta ne ke kan injin, shi kuwa yana zaune bakin ƙofa yana goge kujeru da hagu. Duk wanda ya zo jaje, Auta sai ya ba shi labarin kofin, har yana koya wa maƙwabta dabarar. A irin wannan lokacin Kafinta yakan bi baƙon har titi, ya gyara masa zancen da murya ƙasa-ƙasa, sannan ya dawo kan aikinsa.