Tela da Dutsen Guga

Raina ciwo laifi ne. Wanda ya raina ciwo kuma ya yi wa mai neman magani dariya, laifinsa biyu.

Wa da ƙane ne, wan tela, ƙanen masinja a wani ofis. Dukansu mashaya sigari ne, dukansu ƙafa ta fara yi musu gardama. Masinja in ya ɗauko takardu, kafin ya kai ƙarshen layi sharaɓarsa ta ƙulle kamar an ɗaure da igiya. Sai ya tsaya kamar mai gyara takalmi, ciwon ya lafa, ya ci gaba. Ran da shugabansa ya ce in ya gaza za a nemo wani, ran nan ya nufi asibiti.

Likita ta lalubi bayan ƙafarsa, da ƙyar ta ji bugun jini. Ta auna jini a hannu, ta auna a idon sawu, na ƙasan ya gaza sosai.

"Baba, hanyoyin jinin ƙafarka sun tsuke," in ji ta. "Ka bar sigari yau, ka riƙa shan ƙwayoyin nan. Kullum ka yi tafiya har ta yi ciwo, ka huta, ka sake."

Masinja ya samu wansa a shago. "Yaya, ƙafarka ma fa sanyi ƙalau, gashin ƙwaurinka duk ya zube. Mu je a duba."

Tela ya tuntsure da dariya. "Ƙafa na ciwo a ce maganinta tafiya? Kai da likitarka ku yi ta gantali. Sanyi ne ya shige ni, ga maganinsa." Ya naɗe dutsen guga mai zafi da ƙyalle ya ɗora ƙafa, sigari a baki.

Masinja ya bar sigari, ya kama shan ƙwayoyi da tafiya. Makon farko layi ɗaya yake iyawa, na shida layi huɗu. Wata huɗu ya haye bene hawa uku da fayil a hammata, bai tsaya ba. Shugaban ya leƙo ya ce, "Kai, wa ya sa maka sabon inji?" Zancen neman wani ya mutu.

Shi kuwa tela, dutsen guga ya ƙona masa ƙafa bai ji ba. Ƙunar ta ƙi warkewa, ta yi baƙi, ta fara wari. Ƙanen nan da ya yi wa dariya shi ya goya shi zuwa mota.

An ceci ƙafar, amma ga abin da ya rasa: yatsu uku, wata biyar a kwance, keken ɗinkin da ba ya iya takawa, da masu kawo ɗinki da suka koma shagon maƙwabcinsa.